Yadin da ke janye gumi a kayan wasanni: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa yin awa guda yana gudu ko yana buga ƙwallo da rigar auduga ya san abin da take komawa: ta jiƙe sharkaf, ta yi nauyi, ta lafe a gadon baya kamar an liƙa ta da danƙo. Don maganin wannan aka yi kayan wasanni na zamani, kuma kusan kowace jesi yanzu za ka ga an rubuta a jikinta cewa yadinta yana janye gumi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan yadi, da amsa gwargwadon abin da ilimi ya tabbatar.

Me ake nufi in an ce yadi yana janye gumi?

Aiki biyu ake nufi. Na farko, yadin ya ɗauke ruwan daga kan fata ya kai shi bayan riga. Na biyu, ya baza shi ya yi faɗi domin iska ta samu ta kwashe shi da wuri. Misalin da ya fi kusa shi ne lagwanin fitila. Mai yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani ne ke hawa da man a hankali ba tare da wani ya tura shi ba. A jikin ɗan wasa gumi ne man, iska ce wutar da ke cinye shi, riga kuwa ita ce lagwanin. In babu abin da ke cinye ruwan a ɗaya ɓangaren, lagwanin zai cika ya tsaya. Kusan duk amsar da ke ƙasa daga wannan ta taso.

Ina ruwan riga da gumi? Ba jiki ne ke yin abinsa ba?

Jiki ne, amma riga tana iya taimaka masa, tana kuma iya tsaya masa a hanya.

Tsoka ba ta mayar da duk ƙarfin da ta ƙona ya zama motsi. Kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne ke tafiya ga aikin, sauran duk zafi ne da dole a fitar da shi. A fatar mutum akwai ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma mai motsa jiki sosai yakan zubar da rabin lita zuwa lita 2 a awa guda, wasu ma fiye.

Sai dai fitowar gumin kaɗai ba ta sanyaya kowa. Abin da ke sanyaya jiki shi ne ƙafewarsa, wato lokacin da ruwan ya koma tururi ya bi iska. Kafin ya koma tururi sai ya ari zafi, kuma daga fata yake ara. Lita ɗaya ta gumi in ta ƙafe gaba ɗaya tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580. Wannan ya kai zafin da zai ɗauki ruwa lita 7 daga sanyin ɗaki ya kai shi gab da tafasa. Gumin da ya ɗiga ƙasa daga haɓa ko gwiwar hannu kuwa asara ce kawai: jiki ya rasa ruwa da gishiri bai samu komai ba. Haka wanda ya taru a riga aka zo aka matse. Saboda haka riga mai kyau ita ce wadda ta bar mafi yawan gumin ya ƙafe, kuma ya ƙafe kusa da fata.

Ta yaya ruwa ke tafiya cikin yadi da kansa, har ya hau sama?

Yadi ba bango ba ne. Kowane zare da ka gani tarin siraran silili ne aka murɗa tare, kuma tsakanin silin nan akwai 'yan hanyoyi da ido ba ya gani. Ruwa yana da hali biyu: ƙwayoyinsa suna riƙe juna, suna kuma manne wa jikin abin da suka yarda da shi. In ya shiga matsattsiyar hanya, wanda ke gaba ya kama bango ya matsa, na baya su biyo shi saboda suna riƙe da juna. Da haka yake rarrafawa ta kowace fuska, har sama, duk da nauyinsa.

An daɗe da sanin wannan. Wani likita ɗan Ingila, James Jurin, ya nuna a 1718 cewa gwargwadon ƙanƙantar bakin bututu, gwargwadon nisan da ruwa zai hau a cikinsa. A 1921 Edward Washburn a Amurka ya fitar da lissafin saurin shigar ruwa cikin abu mai ƙananan ƙofofi, kuma masu binciken yadi suna amfani da lissafinsa har yau.

Daga nan ne masaƙa ke shiga tsaka mai wuya. Hanya matsattsiya tana da ƙarfin ja, amma ruwa yana tafiya a cikinta a hankali. Hanya mai faɗi tana barin ruwa ya wuce da sauri, amma ba ta kai shi nesa. Dabarar da ta fi burge ni a duk wannan fanni ita ce saƙa mai fuska biyu. Fuskar da ke taɓa fata a yi ta da zare mai ɗan kauri da manyan ƙofofi, fuskar waje kuma da zare siriri mai ƙananan ƙofofi. Tun da ƙananan ƙofofi sun fi ja, sai su riƙa tsotse ruwan daga manyan, ya fita waje ya bazu, ya kuma yi wuyar komowa. Shi ya sa wata jesin in ka taɓa bayanta za ka ji ta jiƙe, cikinta kuwa da sauƙi. Shi ya sa kuma irin wannan riga in an sa ta a bai-bai, sai aikin ya juye.

Ai auduga ta fi kowane yadi shan ruwa. Me ya sa ba ita ta fi dacewa ba?

Domin shan ruwa daban, wucewa da ruwa daban. Auduga tana shan ruwan ne zuwa cikin jikin silinta, ta kumbura, ta riƙe shi gam. Da silin ya kumbura, ƙofofin saƙar sai su matse, iska ta rage shiga. Ruwan da ya shige ciki kuma sai ya fara fitowa daga cikin silin kafin ya ƙafe, abin da ke cin lokaci.

Masu auna yadi suna da ma'auni kan wannan. Ana ajiye busasshen yadi a ɗakin da danshin iskarsa ya kai kashi 65 cikin ɗari, a ga nawa zai sha daga iskar kaɗai. Auduga tana ƙara kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta. Nailan kusan kashi 4. Foliyesta bai kai rabin kashi ɗaya ba, kimanin 0.4. Folifurofilin kuwa, wani zaren roba irin waɗannan biyun, kusan babu. Ruwan da ke jikin rigar foliyesta a kan silin yake, tsakanin zare da zare, a fili inda iska za ta same shi.

Kada a ɗauka na raina auduga. Ga tafiyar ƙafa a natse, ko zama a wuri mai zafi da bushewar iska, tana da daɗi a fata, ba ta tara wari, kuma jiƙarta ma takan sanyaya jiki. Matsalarta tana farawa ne in gumin ya fi ƙarfin abin da za ta iya saki.

In foliyesta ba ya shan ruwa, ta yaya yake jansa?

Tambaya ce mai kyau, domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Foliyesta a yadda ya fito daga inji ba ya son ruwa sosai. In ka ɗiga masa ruwa, sai ɗigon ya dunƙule ya zauna a kai. Hanya komai ƙanƙantarta ba za ta ja ruwa ba in bangonta bai yarda da ruwan ba. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar rigar foliyesta ta fita unguwa take da zafi kamar leda, alhali jesin wasa da aka yi da sinadari iri ɗaya ba haka take ba.

Abu uku ake yi masa. Ana shafa wa bayan silin wani sinadari mai son ruwa, ko a cuɗa shi cikin narkakken foliyestan tun kafin a ja zaren; na biyun ya fi jure wanki. Ana kuma sauya siffar silin. Maimakon ya fito mulmulalle kamar igiya, sai a sa ya fito da kwari-kwari a tsawonsa, kowane kwari ya zama magudanar ruwa. Zaren Coolmax da kamfanin DuPont ya fitar a 1986 da wannan ya yi suna, silinsa mai magudanai huɗu. Na uku, ana ƙanƙantar da silin ƙwarai. Ana auna kaurin sili da deniya, wato nauyin mita 9,000 nasa da giram, kuma wanda bai kai deniya ɗaya ba shi ake kira maikurofaiba. Sili da yawa sirara a zare ɗaya yana nufin hanyoyi da yawa da kuma fili mai yawa da ruwa zai kwanta a kai ya bushe.

Abin da ake nema a ƙarshe shi ne sili wanda bayansa ke maraba da ruwa, cikinsa kuwa a rufe.

Yaushe aka fara yin irin waɗannan kaya?

Zaren ya riga tunanin. Wallace Carothers da abokan aikinsa a DuPont suka haɗa nailan a 1935. Foliyestan da ake tufafi da shi, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson suka samar da shi a Ingila a 1941. Zare mai miƙewa kamar roba, wanda aka sani da Lycra, Joseph Shivers ya ƙirƙiro shi a 1958. Masu aiki da wasa a ƙanƙara ne suka fara cin moriyar tunanin janye gumi, da rigunan ciki na folifurofilin da kamfanin Helly Hansen na Norwe ya fitar da sunan Lifa a shekarun 1970. Nike ya fito da Dri-FIT a 1991. A 1996 Kevin Plank, wanda ya buga ƙwallon Amurka a Jami'ar Maryland, ya kafa kamfanin kayan wasanni na Under Armour bayan ya gaji da sauya jiƙaƙƙiyar rigar auduga a ƙarƙashin kayan wasansa.

Zai rage mini yawan gumi?

A'a. Zafin cikin jikinka ne ke yanke yawan gumin da za ka yi. Rigar tana sauya inda gumin zai tafi bayan ya fito ne kawai.

To da gaske yana sanyaya jiki fiye da auduga?

A nan talla ta kan wuce gona da iri, kuma ya kamata mai saye ya san gaskiya. A 2001 Timothy Gavin da abokan aikinsa a Amurka sun sa maza sun yi gudu a ɗaki mai matsakaicin zafi, sau ɗaya da rigar zaren roba mai janye gumi, sau ɗaya da ta auduga, sau ɗaya babu riga. Rigar robar ta riƙe gumi kaɗan, amma zafin cikin jikinsu da bugun zuciyarsu ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba.

Akwai dalili. George Havenith na Jami'ar Loughborough ya nuna cewa gwargwadon nisan wurin da ruwa ya ƙafe daga fata, gwargwadon raguwar sanyin da jiki ke samu. Gumin da ya ƙafe a bayan riga, wani ɓangare na zafin da ya ara daga iskar waje ya are shi, ba daga jikinka ba. Siririyar riga da ta lafe a jiki ba ta yin asara mai yawa, amma kaya masu kauri ko masu hawa-hawa suna yi.

To mene ne ribar? Riga ba ta yin nauyi, ba ta manne wa jiki, ba ta goge fata har ta sale, kuma tana bushewa cikin ɗan lokaci bayan ka tsaya. Ga wanda zai yi awa biyu ko uku yana gudu, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma kada kowa ya sa jesi mai tsada ya ɗauka ta kare shi daga bugun zafi. Shan ruwa, hutawa a inuwa da saba wa jiki da zafi a hankali su ne kariya, kuma babu yadin da ya maye gurbinsu.

Me ya sa wani lokaci rigar take jiƙewa sharkaf duk da haka?

Domin lagwanin ya cika. In iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta da wurin karɓar wani tururi, sai gumin ya tsaya a riga komai kyawun saƙarta. Haka in kana zubar da gumi fiye da yadda iska ke iya kwashewa, ko kana motsa jiki a ɗakin da iska ba ta kaɗawa. A irin wannan yanayi abin da ya fi amfani shi ne riga mara nauyi, mai saƙar raga a baya da hammata, wadda iska ke ratsawa kai tsaye zuwa fata. Fanka ɗaya a gaban mai tuƙa keken motsa jiki ta fi kowace riga yi masa aiki.

Jakar goyo ma tana kashe aikin yadin a duk inda ta danne shi.

A lokacin sanyi fa, ina amfaninsa?

A ganina nan ne ma ya fi amfani, har yakan zama batun rai. Ruwa yana ɗaukar zafi daga jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Mai hawan dutse ko mai gudu a sanyi yana gumi yayin da yake motsi. Da ya tsaya, jiki ya daina samar da zafi mai yawa, amma jiƙaƙƙiyar rigar auduga ta ci gaba da zuƙe wanda ya rage. Mutum yana iya shiga haɗarin daskarewar jiki ko da sanyin bai kai na ƙanƙara ba, musamman in da iska.

Shi ya sa masu wannan harka ke sa kaya hawa uku: na jikin fata mai janye gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwan sama. In aka sa singiletin auduga a ƙarƙashin duk wannan, an ɓata tsarin tun daga tushe.

Me ya sa jesin foliyesta ke wari haka, har bayan wanki?

Wannan ne babban aibinsa, kuma ba zargi ba ne kawai. A 2014 Chris Callewaert da abokan aikinsa a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun karɓi rigunan mutum 26 bayan awa guda ta tuƙa keken motsa jiki, suka ajiye su, sannan ƙwararrun masu shinshina suka gwada. Na foliyesta sun fi na auduga wari, kuma an samu wani nau'in bakteriya mai suna Micrococcus ya fi yaɗuwa a kansu.

Gumin da ke fitowa daga yawancin jiki ruwa ne da gishiri, ba shi da wari. Na hammata yana ɗauke da maiƙo da furotin, ga kuma maiƙon da fata ke fitarwa a ko'ina. Bakteriya ne ke cin waɗannan su fitar da tsamin da muke ji. Foliyesta daga man fetur aka samo shi, kuma yana son maiƙo kamar yadda auduga ke son ruwa. Maiƙon yakan kama silin, ruwan wanki ya wuce ta kansa bai ciro shi duka ba. Rigar ta bushe ka ji ba komai, da jikinka ya ɗumama ta sai warin ya taso. Auduga da ulu kuwa suna shanye sinadaran warin zuwa cikin silinsu su ɓoye su, har wanki ya fitar.

Rigunan da aka ce an sa musu azurfa don hana wari, suna aiki?

Azurfa tana kashe bakteriya, wannan tabbas ne. Amma wadda aka shafa a bayan yadi takan zube a hankali da wanki, ta bi ruwa. Kuma ba ta cire maiƙon da ya riga ya kama. Tana jinkirta wari, ba ta ɗauke wa kowa wanki.

Yaya ya kamata a wanke su?

Kada a bar su a dunƙule cikin jaka. In ba za a wanke nan take ba, a shanya su su sha iska. A juya cikinsu waje kafin wanki, domin a nan maiƙon yake. A yi amfani da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, da sabulu daidai kima. Sabulun da ya yi yawa ba ya ɗaurayuwa duka, ragowarsa kuma yana toshe hanyoyin ruwa yana tara datti. In wari ya kama, a jiƙa su na ɗan lokaci a ruwan sabulu mai sinadaran narkar da maiƙo da furotin kafin a wanke.

Abin da ya fi ɓata su shi ne ruwan tausasa tufafi mai ƙamshi da ake zubawa a ɗauraya. Yana tausasa yadi ne ta hanyar lulluɓe silin da wani siririn maiƙo, kuma wannan maiƙon yana rufe bangon da aka sha wahala aka sa ya yarda da ruwa. Zafi mai yawa, na injin busarwa ko na dutsen guga, yana kashe zaren roba mai miƙewa, haka ma bilic. Tun da yadin yana bushewa da wuri, shanya ta wadatar.

Ulu ba na sanyi ba ne? Me ya kawo shi kayan wasanni?

Ulu yana bin wata hanya dabam. Bayan silinsa yana da ɓawo-ɓawo mai ture ruwa, cikinsa kuwa yana shan tururi, har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji ya jiƙe ba. Yana kama danshin tun yana tururi a tsakanin fata da riga, kafin ya taru ya zama ɗigo. Ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma ana iya sa shi kwanaki bai yi wari ba. Wanda ake amfani da shi a kayan wasa na tumakin merino ne, domin silinsa siriri ne ƙwarai, sau da yawa ƙasa da kashi 20 cikin dubu na milimita, don haka yana lanƙwasa a kan fata maimakon ya soke ta ya sa ƙaiƙayi. Rauninsa shi ne bai kai foliyesta saurin bushewa ba in ya jiƙe sosai, kuma yana saurin hujewa. Don haka ake yawan cakuɗa shi da nailan ko foliyesta.

Yadin gora fa?

Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna biskos ne: an narkar da itacen gorar da sinadarai aka ja sabon zare. Yana da laushi, amma ya fi auduga ma shan ruwa, kuma yana jinkirin bushewa. A 2009 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta tuhumi wasu kamfanoni kan tallata shi da sunan gora da kuma iƙirarin yana kashe ƙwayoyin cuta.

Matsattsiya ta fi ko sakakkiya?

Yadi ba zai ja ruwan da bai taɓa ba. Don rigar ciki a lokacin sanyi, wadda ta lafe a jiki ta fi. A zafi kuwa riga mai ɗan sakewa tana kaɗawa yayin gudu, tana shigar da iska tana fitarwa, kuma wannan yakan fi janyewar kanta amfani. A duba yawan zaren roba mai miƙewa da ke ciki. Kaɗan yana sa riga ta zauna daidai, amma in ya yi yawa saƙar takan yi cunkus, ta yi jinkirin bushewa.

Safa da kayan ciki ma sai an kula da su?

Su ne ma farko. Fata mai danshi ta fi busasshiya gogayya, kuma ta fi laushi, shi ya sa ƙafa ke yin bororo a cikin jiƙaƙƙiyar safar auduga. Takalmi rufaffen wuri ne, don haka safa mai kai ruwa sama zuwa idon sawu, inda iska take, tana da amfani na gaske. Haka abin yake ga cinyoyi, hammata da ƙarƙashin rigar mama ta wasanni. Wando mai janye gumi a kan kamfai na auduga bai tsinana komai ba. Kuma ko wane irin yadi ne, a cire shi da an gama wasa a yi wanka, domin ɗumi da danshi ne abin da ƙurajen gumi da cututtukan fata na fungas ke so.

Shin daidai yake da yadin da ke hana ruwan sama shiga?

Ba ɗaya ba ne. Yadi irin Gore-Tex, wanda ya samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969, yana da wani siririn shafi mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururi yana fita. Aikinsa tare ruwa ne. Mai janye gumi kuwa buɗe wa ruwa hanya yake yi, don haka ruwan sama zai ratsa shi nan take. Ana sa su tare, wannan a ciki, wancan a waje.

Zan iya gwada riga da kaina?

Sosai. Shimfiɗa ta, ka ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a fuskar ciki. A yadi mai kyau zai ɓace cikin 'yan daƙiƙu ya bazu ya yi faɗi, in ka juya kuma za ka ga tabon ya fi girma a waje. In ya dunƙule ya zauna, ko dai ba a gyara yadin don wannan aiki ba, ko ruwan tausasa tufafi ya rufe shi, ko sinadarin ya wanke. Kana iya kuma rataya riga biyu bakinsu na ƙasa cikin ruwa, ka ga wadda ruwan ya fi hawa cikin minti goma; kusan haka ake yi a ɗakunan gwaji da tsinken yadi da aka yanka daidai. Sannan ka jiƙa su, ka matse, ka shanya a wuri ɗaya, ka duba wadda ta riga bushewa. Gwajin ƙarshen nan kada ka tsallake shi, domin auduga ma tana iya jan ruwa da kyau a gwajin farko. A bushewa ake gane bambancin.

Akwai wata illa da ya kamata a sani?

Akwai biyu masu nauyi. Ta farko wuta. Foliyesta yana narkewa a kusan digiri 250 zuwa 260 na ma'aunin Salshiyas, nailan da folifurofilin ma narkewa suke yi, kuma narkakken zare yana manne wa fata ya ƙara munin ƙuna. A 2006 rundunar sojin ruwa ta Marines ta Amurka ta hana dakarunta da ke Iraƙi sa irin waɗannan riguna in sun fita sintiri saboda haka. Mai walda, mai aikin lantarki da duk mai aiki kusa da harshen wuta kada ya sa jesin wasa a ƙarƙashin kayan aikinsa, komai zafin wurin.

Ta biyu ita ce ɓurɓushin roba. Duk wanki yana kakkarya ƙananan silili su bi ruwa. Imogen Napper da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth sun ƙiyasta a 2016 cewa wankin kaya kilo 6 a inji yana iya sakin sili kusan 500,000 in foliyesta ne, fiye da 700,000 in akirilik ne, wato zaren roba mai kama da ulu. Matatun ruwa suna kama da yawa, amma wani yana kaiwa koguna da teku. Rigar da aka yi da tsofaffin gorunan roba, abin da kamfanin tufafi na Patagonia ya fara a 1993, tana rage buƙatar sabon man fetur, sai dai ita ma tana zubar da silin kamar sauran. Abin da ke hannun mai riga shi ne ya cika injin in zai yi wanki, domin kaya kaɗan cikin ruwa mai yawa sun fi zubarwa, ya yi amfani da ruwan sanyi, ya sa matata ko jakar wanki mai kama sili in yana da hali, ya kuma ci gaba da sa rigunan da yake da su har su ƙare kafin ya nemi wasu.